Yadda ɗalibai za su tsara gajeren fim mai sa zullumi a Jos

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne, ɗaliban fim a nan Jos. An ba mu aikin ƙarshen zango, gajeren fim na minti 10 zuwa 12, irin mai sa zuciyar mai kallo ɗar-ɗar. Kyamara ɗaya gare mu da makonni 8, kuɗin kuma karo-karo ne. Kowa ya zo da nasa labarin, wani na garkuwa da mutane, wani na 'yan fashi da bindigogi. Ta ina za mu fara, kuma wane bincike ya kamata mu yi kafin mu fita lokeshan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙannena. Allah ya yi wa karatu albarka. Kafin ku taɓa kyamara, ku zauna ku shida ku daidaita a kan abu guda: razana daban, zullumi daban, kuma zullumi aka ce ku yi. Ku ɗauki mutum ya zura ƙafa a takalmi ya ƙwalla ihu, sai aka nuna kunama ta faɗo. Mai kallo zai zabura na daƙiƙa biyu, shi ke nan. To ku juya shi. A fara nuna wa mai kallo kunamar tana shiga takalmin, sannan mutumin ya fito daga alwala yana share fuska, ya ɗauki takalmin hagu ya sa, ya miƙa hannu ga na dama, sai aka yi sallama a ƙofa ya ajiye ya je ya dawo, wayarsa ta yi ƙara ya tsaya amsawa, ƙafarsa na lilo kusa da bakin takalmin. Minti uku cur mai kallo ba zai yi numfashi mai kyau ba. Kayan aiki iri ɗaya ne, ɗaki ɗaya, mutum ɗaya. Abin da ya canza shi ne wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Wannan shi ne ƙashin bayan irin fim ɗinku, kuma a kan takarda ake gina shi, ba a lokeshan ba.

Saboda haka ku ajiye labarin garkuwa da na bindigogi. Ba don ba su da ma'ana ba, sai don sun fi ƙarfin minti 12 da aljihunku: suna son mutane da yawa, mota, daji, makamai, kuma duk abin da kuka kasa yi da kyau a cikinsu dariya zai ba mai kallo. A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi 10 zuwa 12 ne kawai a hannunku. Masu magana kada su wuce uku, wurare biyu ko uku, kuma duk labarin ya faru cikin sa'o'i kaɗan.

Bari in ba ku misalin da za mu riƙa komawa kansa. Matashi mai tuƙa Keke Napep na wani attajirin unguwa, yana kai masa balas kullum, ya sauke fasinjan ƙarshe a Farin Gada bayan isha'i. Yana share kujerar baya sai ya tsinci waya. Saƙo ya shigo yana kallo: hoton ƙofar gidan maigidansa, da kalmomi huɗu, "Yau, kafin kiran assalatu." Da safiyar ranar kuwa maigidan ya ci masa mutunci a gaban mutane, ya ce gobe zai karɓe keken. Mai kallo kuma ya ga abin da direban bai gani ba: fasinjan ya laluba aljihu, ya juyo, ya karanta lambar keken tana tafiya. Ku lura da abin da wannan ɗan labari ya tanada. An san abin da jarumin zai rasa, an san wa'adi, kuma wa'adin ba agogon bango ba ne, kiran sallah ne da kowane ɗan garin nan ya san sautinsa. Akwai kuma ja-in-ja a zuciyarsa, ya faɗa ko ya yi shiru. Duk labarin da kuka zaɓa, ku tambaye shi: me jarumin yake so, me zai faru in ya kasa, zuwa yaushe? In ɗaya daga cikin amsoshin ta zo da kame-kame, labarin bai nuna ba tukuna.

Akwai tambaya ta huɗu da take kashe finafinan ɗalibai da yawa, kuma mai kallo yakan yi ta da ƙarfi a cikin ɗaki: me ya hana shi kiran wani? Me ya hana shi zuwa ofishin 'yan sanda, ko ya buga wa yayansa? Kada ku amsa da cewa caji ya ƙare ko babu sabis, an gaji da wannan. Amsar ta fito daga halin jarumin da yanayinsa. Direban nan yana tsoron in ya kai wayar shi za a fara riƙewa, tunda unguwa duka ta ji rigimarsa da maigidan da safe. Wannan dalili ne da mai kallo zai gyaɗa kai a kansa.

Da kun samu labari, ku sayi kwali babba ku ja layi huɗu: lambar sin (wato kowane ɓangaren fim da ke faruwa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya), abin da jarumi ya sani, abin da abokin gaba ya sani, abin da mai kallo ya sani. Ku cika shi sin bayan sin. In sin biyu sun biyo juna babu layin da ya canza, ɗaya a cikinsu cikon benci ne, ku cire shi komai kyawun maganganunsa. Sannan duk abin da zai ceci jarumi a minti na 10, dole mai kallo ya gan shi kafin minti na 3, a wuce da shi kamar ba komai ba. In sukudireba ce a ƙarƙashin kujera za ta yi aiki a ƙarshe, a ga direban ya gyara madubi da ita tun da farko ya mayar da ita wurinta.

Yanzu bincike, kuma a nan nake so ku fi daɗewa, domin shi ne ke raba fim ɗin da aka yarda da shi da wanda aka kalla don a faranta wa abokai. Yawancin ɗalibai in an ce bincike sai su kalli finafinan waje su kwafo: ɗan sanda mai allon hotuna da jan zare, mai kwamfuta da ke gano inda waya take cikin daƙiƙa goma. Mai kallo a Gangare ko Tudun Wada ya san ba haka rayuwarsa take ba, kuma da ya daina yarda ya daina jin tsoro.

Ku fara da masu sana'ar. In jaruminku mai keke ne, mutum biyu a cikinku su je tasha da hantsi, lokacin da fasinja ya yi sauƙi, su gabatar da kansu ga shugaban tashar, su sayi shayi su zauna. Kada ku tambayi direba yadda yake ji game da sana'arsa, zai ce muku alhamdulillahi. Ku tambaye shi abin da hannu ke taɓawa. A ina yake ɓoye cinikin yini? Ƙarfe nawa yake kai balas, kuma me ke faruwa in bai cika ba? In fasinja ya manta kaya, ina ake kaiwa? Me ya fi lalacewa a keken, kuma wace ƙara take yi kafin ta mutu? Waɗanne tituna ne ba ya shiga bayan magariba? Akwai lokacin da hukuma ta hana keke yawo da dare a yanzu? Wannan ta ƙarshe kaɗai tana iya sauya muku sa'ar da labarin zai fara. Ku yi magana da mutum uku aƙalla. Abin da biyu suka haɗu a kai, shi ne al'adar sana'ar. Abin da ɗaya kaɗai ya faɗa, shi ne zai ba jaruminku ɗabi'arsa ta kansa. Ku nemi izini kafin ku naɗi murya, kuma ku rubuta kalmominsu yadda suka fito. Hausar Jos tana da nata ɗanɗano, tana cakuɗa da Turancin kasuwa a bakin matasa, kuma ba kowane mai jin ta ne Bahaushe ba. Kada ku sa wa direban Farin Gada Hausar mai karanta labarai a rediyo.

Sai doka da jikin ɗan Adam, inda kuskure ya fi yawa. In za a kama wani a fim ɗinku, ku san cewa sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu. Ko ana bin wannan ko ba a bi, jaruminku ko lauyansa zai iya ambata, kuma shi ma wani wa'adi ne da za ku iya ɗaura labari a kansa. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, don haka mai aikata laifi da wayonsa ba zai yi amfani da layin da ke ɗauke da sunansa ba. In na fim ɗinku ya yi, ku ba da dalili. Bayanan inda waya take kuma a hannun kamfanin sadarwa suke, ana neman su ne ta hanyar hukuma, ba abin da ɗalibi zai buɗe a kwamfutarsa ba ne. Game da jiki, ku sami ɗalibin likitanci ko ma'aikaciyar jinya ku karanta musu sin ɗin. Za su gaya muku jini ja ne a mintunan farko, yana bushewa yana komawa ruwan ƙasa mai duhu. Gawa tana fara sandarewa bayan sa'o'i biyu zuwa shida, ba nan take ba. Wanda aka buga wa abu a ka har ya suma na tsawon lokaci ba ya miƙewa ya ruga da gudu kamar ya farka daga barci. Hankicin da ake toshe wa mutum hanci da shi ya sulale cikin daƙiƙa biyu kuwa ƙirƙirar fim ce. Ku tuna kuma a gidan Musulmi jana'iza ba ta jira. In asirin labarinku yana jikin mamaci, dangi za su so a kai shi makwancinsa a ranar, kuma wannan kansa rikici ne mai ƙarfi da ya fi duk wanda za ku aro daga waje.

Kallon finafinai ma bincike ne in an yi shi da alƙalami. Ku zaɓi sin ɗaya da ya taɓa riƙe muku numfashi, ku kalle shi sau uku: da sauti, babu sauti, sannan sauti kaɗai ido a rufe. Ku ƙirga sau nawa aka yanka hoto, da tsawon kowace ɗauka. Za ku ga sau da yawa inda zullumi ya fi tsanani ɗaukar doguwa ce, an ƙi yankawa, sai abin ya fashe sannan yankan ke sauri. Kuna garin da ya fi ko'ina dacewa da wannan karatu. Hukumar Fim ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, a Jos hedikwatarta take, da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke ƙarƙashinta, ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ga sashen wasan kwaikwayo da fim na Jami'ar Jos. Ko a wacce kuke, sauran ba su da nisa, kuma a cikinsu za ku sami 'yan wasa, da mai sauti, da wanda zai ara muku fitila.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Garin nan ya ga tashin hankali a 2001, da 2008, da 2010, kuma bam ya tashi a kasuwar Terminus a Mayun 2014. Mutanen da za ku yi aiki a ƙofar gidajensu suna ɗauke da wannan a zuciya. Kada ku sa mugun da ke cikin fim ɗinku ya zama wakilin wata ƙabila ko addini ta hanyar suna, shiga ko karin harshe alhali labarin bai buƙata ba. Kada ku ajiye jaka ba mai ita a kasuwa ko tasha don ɗaukar hoto. Kada a yi ihun neman agaji ko gudu a titi da dare ba tare da unguwa ta sani ba, domin jita-jita ta fi ku sauri, kuma in taro ya taso babu mai tsayawa sauraron cewa wasa ne.

Wannan ya kawo mu ga izini. Ku karɓi wasiƙa daga shugaban sashenku mai ɗauke da sunayenku, ranaku da wurare. Ku kai kwafi ga mai unguwa, ku je da kanku ku gaishe shi, ku kai wani kwafin ga DPO na yankin, a buga muku hatimi a kan naku, ya kasance a aljihun furodusa kullum. In akwai wani abu mai kama da makami, ko na roba ne, ku rubuta shi a wasiƙar, ya zauna a jaka sai lokacin ɗauka, mutum ɗaya ke riƙe da shi. Kakin 'yan sanda ko na soja kada ku sa wa kowa ba da rubutaccen izini ba, laifi ne. Jami'i cikin farin kaya ya wadatar da ku. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa, kuma fim ɗin minti 12 zai rayu ba shi. Kowane ɗan wasa da kowane mai gida ya sa hannu a takardar amincewa, yaro kuma iyayensa.

Lokeshan a je masa sau biyu kafin ranar aiki, na biyun a daidai sa'ar da za ku ɗauka. Gidan da ya yi tsit da ƙarfe 11 na safe yana iya zama kusa da injin markaɗe da ke tashi da la'asar, ko gidan kallon ƙwallo da ke kunna janareta da dare. Ku tsaya tsakiyar ɗakin, kowa ya rufe ido ya yi shiru minti biyu, sannan kowa ya faɗi abin da ya ji: lasifikar masallaci, atisayen mawaƙan coci, karatun 'yan Islamiyya, karnuka, babban titi. Ku rubuta lokacin kowanne ku tsara hutunku a kansa. Ku auna ɗakin. In bai kai mita 4 a kowane gefe ba, kyamara da fitila da mutum biyar ba za su shiga su bar wa ɗan wasa wurin motsi ba. Ku duba ta ina taga ke kallo, soket nawa ne ke aiki, ina banɗaki, ina za a ajiye kaya a kulle. Jos tana da wuraren da su kaɗai suna sa gaba faɗuwa: lungunan tsohon gari, duwatsun Shere, layin dogo, filayen Rayfield da Bukuru inda aka haƙi kuza. Amma kududdufan kuzar nan suna da zurfi, gefensu yana zaftarewa, sun ci rayuka. A ɗauke su daga nesa, kada kowa ya shiga ruwan ko ya tsaya a gaɓa don hoto ya yi kyau.

Yanayi ma a sa shi cikin lissafi. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, Yuli da Agusta ruwa ba ya sanarwa, kuma ruwa a kan rufin kwano yana kashe duk maganar da aka naɗa. A Disamba da Janairu hazo yana tausasa hasken rana, abin so ne ga hoto, amma ƙura tana shiga kyamara in kuna canza gilashin gabanta a fili, sanyin dare kuma yana sa ɗan wasa rawar ɗari har muryarsa ta canza; ku tanadi barguna da fulas ɗin shayi. Rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 6:50 gwargwadon wata, kuma shuɗin hasken da ke biyo baya, wanda ya fi komai kyau ga irin fim ɗinku, bai wuce minti 20 zuwa 25 ba. Ɗauka biyu ko uku kawai yake ɗauka, don haka a gama atisaye tun rana na sama.

Dare shi ne tarkon da ɗalibai suka fi faɗawa. Duhu a fim ba rashin haske ba ne, haske ne da aka hana shi zuwa wasu wurare. In kun kashe fitilu kun ɗaga ISO sama, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, hoto zai cika da yashi-yashi, fuska ta ɓace. Ku nemi dalilin haske a cikin labarin, kamar tocila, fitilar mai shayi, hasken waya a fuska, ƙwan ƙofar gida, sannan ku ƙarfafa shi da fitilarku daga gefe ko daga baya, ba daga gaba ba. Rabin fuska a haske rabi a inuwa ya ishe ku. Duk sin ɗin cikin ɗaki ku ɗauke shi da rana, ku toshe tagogi da baƙin yadi ninki biyu daga waje. Kun huta da sanyi, da kuɗin mota na dare, da iyayen da ba za su bar 'yarsu a waje ba. Ku saita kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa, saurin shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, domin wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. In kun bar ta a 30 ko 60 za ku ga haske yana kyaftawa ko layuka suna hawa a hoto. Janareta ba ya riƙe wannan bugun daidai, don haka ku gwada fitilunku a kansa tun kafin ranar, ko ku yi amfani da masu batir. Keken kuma kada ku ɗauki magana a cikinsa yana tafiya. Ku ajiye shi a wuri mai duhu, mutum biyu su riƙa girgiza shi a hankali daga baya, na uku ya riƙa wucewa da fitila a gefen fuskar direba duk bayan daƙiƙa biyar ko shida kamar fitilun titi, a ɗora ƙarar inji daga baya a wurin tacewa, wato yanka da haɗa hotuna a kwamfuta. Hotunan tafiya na gaske a ɗauke su daban, babu magana.

Sauti rabin zullumi ne, ni a ganina ma ya fi rabi. Mai kallo zai yafe hoto mai ɗan duhu, ba zai yafe maganar da ba ya ji ba. Makirufon jikin kyamara don daidaita sauti da hoto ne kawai. Ku ari na sanda da na'urar naɗa sauti, ku saita ta a 48 kHz, ƙarar magana tana kaiwa wajen -12 a ma'aunin ƙara na na'urar, makirufo kamar kamu biyu daga bakin mai magana, sama da kansa, yana kallon ƙirjinsa. Mai sauti ya sa abin kunne koyaushe, kuma a ba shi ikon cewa a sake. In dole a kunna janareta, a kai shi mita 30 ko fiye, bayan katanga, da doguwar waya mai kauri. A tafa hannu a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, don edita ya daidaita sauti da hoto. Kafin ku bar kowane wuri, kowa ya tsaya cak minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, domin da shi edita zai cike giɓi. In babu shi, duk inda aka yanka sai an ji sauti ya faɗi ya tashi. Ku ware rabin yini na musamman don farautar sauti: ƙarar ƙyauren ƙarfe, takun silifas a kan tsakuwa, jijjigar waya a kan kujera, carar zakara, kiran assalatu daga nesa. A labarin mai keke wannan kiran shi ne ƙarshen wa'adi, don haka ku naɗe shi da kanku da asuba, daga nesa da kuma kusa.

Rabon makonnin ba shi da wuya. Biyu na farko bincike da rubutu, na uku gyaran rubutu da karanta shi da baki a gaban mutanen da ba sa cikin ƙungiyar, na huɗu lokeshan da izini da atisaye, na biyar ɗauka, sauran uku tacewa da sauti. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ɗauka kowane sin ya samu jerin ɗaukarsa a rubuce, da zanen ɗakin daga sama mai nuna inda kyamara za ta tsaya. Fim irin naku yakan ci ɗauka 50 zuwa 60, ɗalibai masu kyamara ɗaya kuwa da wuya su wuce 15 a yini, ke nan kwana huɗu, da na biyar a ajiye don abin da ruwa ko wuta suka ɓata. A tsara aiki bisa wuri, ba bisa jerin labari ba, kuma sin mafi wuya kada ya zama ranar farko. Ku shida kun isa: darakta, furodusa mai riƙe lokaci da kuɗi, mai kyamara, mai haske, mai sauti, da mai kwantiniti, wato mai lura kada kaya da shiga su saɓa daga ɗauka zuwa ɗauka, wanda shi ne zai fi dacewa ya yi tacewa. Mai kwantinitin nan ya ɗauki hoton ɗan wasa da waya a ƙarshen kowane sin, domin a fim ɗin da ya faru a dare ɗaya amma aka ɗauka cikin kwana huɗu, tabon riga, maɓallin da aka ɓalle, da yawan cajin da ke fuskar waya duk shaida ne. Rigar da za ta ɓaci a sayi iri ɗaya guda biyu ko uku. Jinin wasa kuma a kicin ake yin sa: kofi biyu na sukari a kofi ɗaya na ruwa, a dafa ya yi kauri, ya huce, a sa jar kalar abinci da ƙaramin cokali na garin koko don ya yi duhu, a gwada shi a kyamara ƙarƙashin fitilar da za a yi aiki da ita. Wuƙa ta gaske ba ta zuwa kusa da jikin kowa.

A kasafi, abinci da kuɗin mota ne za su fi cin kuɗinku, ba kayan aiki ba, kuma ku ɓoye kashi 15 cikin ɗari kada a taɓa. In kyamararku tana naɗa megabit 100 a daƙiƙa, sa'a ɗaya gigabait 45 ce. Ku lissafa katin ajiyar kyamararku a kan haka, kuma kowane dare a kwafe aikin yini a wuri biyu daban kafin a goge kati, a buɗe fayilolin a tabbatar suna wasa. Manhajar DaVinci Resolve tana da sigar kyauta da ta ishe ku tacewa da gyaran launi da sauti. Kiɗan wani kada ku ɗora ba izini, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare shi, kuma bukukuwan fim irin Zuma da ake yi a Abuja suna son fim ɗin da haƙƙoƙinsa suke a hannun masu shi. In za ku fitar da shi kasuwa ko sinima, sai ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa.

Da kun haɗa yankan farko, a mako na shida, ku tara mutum biyar da ba su san labarin ba, kada a samu wanda ya yi aikin a cikinsu. Ɗayanku ya zauna a gefe inda yake ganin fuskokinsu, da agogo da takarda, ya rubuta mintin da wani ya duba wayarsa, ya gyara zama, ko ya yi dariya inda ba a so. A minti na 4 ku tsayar da fim ɗin ku tambayi kowa shi kaɗai: me kake tsoron zai faru? In amsoshin biyar sun bambanta, ku koma kan kwalin nan mai layi huɗu ku nemo sin ɗin da ya kamata ya sanar da mai kallo abin da bai sanar ba. Sau da yawa ɗauka ɗaya ce ta kusa ta ɓace, kamar idon fasinjan nan a kan lambar keke, kuma ranar nan ta biyar da kuka ajiye za ta ishe ku komawa ku ɗauko ta.